Zariya Ta Horar Da Masu Zane, Legas Ta Kwashe 'Yan Kallo

A Legas, ranar buɗe bajekolin zane-zane, mutum kan tarar da mai zanen tsaye kusa da aikinsa, su gaisa, ya tambaye shi abin da yake nufi da wani launi, in aljihu ya yarda ya saya. Wannan haɗuwa sabuwar aba ce a Najeriya. A da, mai hali ne ke kiran gwani gidansa. Muhammadu Durugu, wanda aka sani da Babban Gwani, shi ya gina masallacin Juma'a na Zariya wajen shekarun 1830, kuma har yau ana ambaton sunansa, amma aikinsa a jikin gini yake. Haka na maginan da ke zana dagi a fuskar zaure: ba a ɗauke shi a rataye a wani ɗaki a kira jama'a.

Ta makaranta sabon salon ya shigo. Aina Onabolu ya nuna zane-zanensa a Legas a 1920, ya kuma matsa wa gwamnatin Turawa ta sa zane cikin darussa, har aka kawo malamin zane Kenneth Murray a 1927. Amma a Zariya abin ya kankama. A 1955 aka ɗauke sashen zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya daga Ibadan zuwa can, kwalejin da ta rikiɗa ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyarsu, suna cewa ba za su yi ta kwaikwayon Ingila ba, za su gauraya dabarar aji da zanen gida. Da suka gama karatu, yawancinsu kudu suka nufa, domin can aka tanadi wurin zama. Ƙungiyar Mbari da aka buɗe a Ibadan a 1961 ta tara marubuta irin su Wole Soyinka da masu zane a farfajiya ɗaya, inda mai kallo ke iya jan kujera ya zauna da mai aikin. Daga baya kuɗi suka bi sawu: ɗakin baje zane na Nike da ke Lekki a 2009, kasuwar zane ta Art X a 2016. Zariya ta ci gaba da yaye ɗalibai a hannun malamai irin su Gani Odutokun, amma ba ta gina dandalin da mutumin gari zai sadu da su ba.

Za a ce addini ne ya hana, tunda malamai da yawa na ƙyamar zana mai rai. Akwai gaskiya a ciki, sai dai ba ta isa bayani ba. Mutanen da suka ƙawata Alƙur'ani da zayyana, suka cika gaban riga da aska takwas, ba za a ce idonsu bai san zane ba. Ibrahim El-Salahi na Sudan, ɗan malamin allo a Omdurman, da ya dawo daga Landan ya ga mutanensa ba su damu da irin zanen da ya koyo ba. Sai ya koma ga haruffan Larabci da adon gida, kuma wannan aikin ne ya kai shi har gidan baje zane na Tate Modern a 2013. Wasu kuma za su ce talauci ne, wa zai sayi allo ya rataye ana neman na cefane? Wannan ma da sauƙin amsa. Attajiran Kano da Kaduna na kashe maƙudan kuɗi kan doki da kayan ɗaki na waje, kuma shiga kallo ba ya buƙatar saye. A Mbari ma zaman hira ne ya riga ciniki.

Abin da ya yi ƙaranci shi ne ɗaki a cikin gari, mai ƙofa a buɗe, da ranar da kowa ya san mai zane zai zo ya yi bayani da Hausa. Gidan Makama a Kano da Gidan Arewa a Kaduna suna da bango da farfajiya. Hukumomin al'adu na jihohi su ware rana ɗaya a wata, su gayyato ɗaliban Zariya da aikinsu, su kuma sanar a rediyo.