Durɓi Ta Kusheyi: Su Wane Ne Ke Kwance a Ƙarƙashin Tuddan Nan?

Gabatarwa

Masu iya magana na cewa waiwaye adon tafiya. A ƙasar Katsina, da wuya a sami wurin da ya cancanci waiwaye kamar Durɓi ta Kusheyi, wani tsohon mazauni da ke cikin Ƙaramar Hukumar Mani, kimanin kilomita 32 gabas da birnin Katsina. A can akwai wasu manyan tuddai na ƙasa waɗanda hannun ɗan Adam ne ya tara su, kuma kowa ya yarda kaburbura ne, domin sunan wurin ma daga kalmar kushewa ya fito. A wannan maƙala zan kawo abin da dattawa suka ce game da su, da abin da masu haƙa suka tono, sannan in faɗi inda nake ganin maganganun biyu suka haɗu da inda suka rabu.

Abin da Aka Ji Daga Bakin Magabata

Tarihin baka ya nuna cewa kafin kafuwar birnin Katsina na yanzu, Durɓawa ne ke mulkin wannan ƙasa, kuma a nan cibiyarsu take. Ana lissafa sarakunansu kamar haka: Kumayau, wanda ake cewa jikan Bayajida ne, sai Ramba-ramba, da Bataretare, da Jarnanata, sannan Sanau. Shi Sanau shi ne ya yi kokawa da Korau, mutumin 'Yandoto. An ce matar Sanau ce ta tona asirin layar mijinta, Korau ya kayar da shi, ya yanka shi, ya hau gadon sarauta. Takobin nan Gajere da ke cikin kayan sarautar Katsina da wannan labari ake danganta shi. Muhammadu Korau kuwa shi ake ɗauka Sarkin Katsina Musulmi na farko, kuma yawancin masana suna sanya zamaninsa a cikin ƙarni na 15. Mutanen yankin sun gaji cewa sarakunan Durɓawa ne ke kwance a cikin tuddan.

Haƙar Farko da Ta Biyu

A shekarar 1907, Razdan H. R. Palmer, tare da amincewar Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, ya sa aka haƙa wasu daga cikin manyan tuddan. An sami tukwane da kayan ƙarfe. Sai dai kayan nan sun salwanta, kuma bayanin da aka rubuta a kansu bai taka kara ya karya ba. Wannan babbar asara ce, domin kabari sau ɗaya ake haƙa shi. In aka ɗaga ƙasa ba a rubuta me ke kusa da me ba, to an yaga shafin da ba za a sake karantawa ba.

A shekarar 1992 aka sake komawa, wannan karon masana daga ƙasar Jamus ne tare da Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Sun haƙa tuddai uku, masu lamba 4 da 5 da 7, kuma a tsakiyar kowanne suka tarar da gawar mutum ɗaya tare da kayansa. A shekarar 2007 aka kai kayan birnin Mainz na Jamus domin a gyara su a kuma yi nazarinsu, aka nuna su ga jama'a a can a 2011, sannan aka dawo da su Nijeriya a 2014.

Abin da aka samu ya ba mutane mamaki. Akwai mundaye na tagulla, da kayan hauren giwa, da tsakiya ta gilashi da ta jan dutse, da wuri, da kayan ado na zinariya, har da ragowar tufa da itace da fata. Akwai kuma wani kwanon ƙarfe ƙirar ƙasashen Musulmi na Gabas ta Tsakiya. Awon kimiyya ya kai wasu kayan zuwa wajen ƙarni na 14, yayin da salon ƙirar wasu, musamman shi wannan kwano, ya nuna ƙarshen ƙarni na 15 ko farkon na 16.

Inda Gizo Ke Saƙar

An ce gani ya kori ji, amma a Durɓi gani bai kori ji ba, sai ma ya ƙara masa nauyi. Kayan sun gaskata dattawa a kan abu ɗaya: lalle manyan masu mulki da dukiya ne aka binne a nan. Wuri daga teku yake zuwa, kwanon kuwa sai da ya ratso Sahara. Ke nan fataucin ƙasar Katsina da ƙasashe masu nisa ya daɗe ƙwarai.

To amma ba a fitar da sunan ko sarki ɗaya daga cikin ƙasa ba. Bugu da ƙari, mai karatu ya lura da wannan: Musulmi da likkafani kawai ake binne shi, ba da zinariya da kwanoni ba. Idan kuwa ɗaya daga cikin kaburburan ya kai ƙarshen ƙarni na 15, to an yi shi ne a zamanin Korau ko bayansa, wato daidai lokacin da Shehu Magili ya ziyarci Kano da Katsina. Wane ne wannan mai alfarma da aka binne bisa al'adar kakanni, alhali Musulunci ya riga ya shiga fada?

A nawa ganin, wannan na nuna cewa faɗuwar Sanau ba ta shafe Durɓawa dare ɗaya ba. Mulki ya koma birni, amma gidan Durɓi ya ci gaba da riƙe martabarsa da al'adunsa na wani lokaci mai tsawo. Wanzuwar sarautar Durɓi a masarautar Katsina har yau tana ƙarfafa wannan fahimta.

Kammalawa

Amsar da ta rage tana wuri biyu: a ƙarƙashin ƙasar Durɓi, da kuma a bakin tsofaffin yankin. Dukansu biyu suna fuskantar barazana. Ita ƙasa, zaizaya da garma da ɓarayin kayan tarihi na iya cinye ta, su kuwa tsofaffi kullum raguwa suke yi. Don haka ina kira ga hukuma da masarauta da jami'o'inmu da su killace wurin, su naɗi maganganun dattawa, kuma kada a sake ɗaga ko fartanya ɗaya a kan tuddan nan sai da masana a wurin. Asarar 1907 ta ishe mu darasi. Allah ya sa mu dace.