Guduma da Maɓallin Dannawa: Nazari kan Gyaran Tamfol a Soba da Omdurman

Wannan maƙala ta duba kayan aikin hannu da ake dasa maɓallin dannawa da su a jikin yadi mai kauri, wato tamfol da rumfar raksha, keken nan mai ƙafa uku da ya cika titunan Khartum kamar yadda Keke Napep ya cika na Kano. An ɗauki Soba, da ke bakin Shuɗin Nilu kudu maso gabashin Khartum, a matsayin fagen nazari, saboda kusa da kufan tsohuwar hedikwatar daular Alwa akwai unguwar masana'antu, kuma manyan motoci masu lulluɓe da tamfol kan bi ta yankin zuwa Wad Madani. Hujjar maƙalar ɗaya ce: idan maɓalli ya cire, laifin yakan kasance na rashin daidaita tsawon ƙafarsa da kaurin yadi. Guduma ba ta cika zama sanadi ba.

Maɓallin, wanda Heribert Bauer ya yi wa rajista a Jamus a 1885, gida huɗu ne: hula mai ƙafa da mazauni a ɓari guda, kai da tasa ƙafar a ɗaya ɓarin. Mai gyara yakan huda yadi da ƙarfen huda, ya zura ƙafar, ya kifa hular a ramin ƙaramar maƙera don kada ta lotse, sannan ya ɗora ƙarfen dasawa ya buga. Bugun yana buɗe bakin ƙafar ya nannaɗe shi waje, wannan nannaɗi kuwa shi kaɗai ke riƙe komai. In ƙafar ta gaza, ba ta da abin nannaɗewa, maɓallin ya fita a ja na farko. In ta yi tsawo sai ta karkace, ya riƙa lilo yana cin bakin ramin. Bakin tamfol kuma yakan zo ninki biyu, kusurwa ninki huɗu, don haka maɓalli mai hular milimita 15 da ya zauna daram a gefe zai iya kasa kamawa a kusurwar tamfol ɗin. Dukawan kasuwar Omdurman, kamar na Kano, sun san wannan daga fata, wadda kaurinta kan bambanta daga wuya zuwa ciki, shi ya sa ake fefe ta kafin a huda.

Za a iya cewa injin matsewa ya fi, domin ƙarfinsa ba ya canzawa, hannun mutum kuwa yana gajiya ya karkata. Gaskiya ne, a masana'anta inda ake dasa ɗaruruwa a yadi iri ɗaya. Amma gyara wani aiki ne daban. Tsohon maɓalli sai an yanke nannaɗinsa da awartaki ko an ƙwaƙule shi, ramin da ya bari ya riga ya faɗaɗa, kuma zafin da kan haura digiri 40 a watan Mayu ya gasa zaren da ke kewaye. Sai an yi faci, facin kuma ya ƙara kauri, a sake zaɓen ƙafa. Inji ba ya yin wannan hukunci, kuma bakinsa ba ya kai wa tsakiyar rumfar da ke ɗaure a jikin raksha.

Suka ta biyu ta fi nauyi: me zai hana a bar maɓalli a koma igiya da zoben ƙarfe? A nan dole a sallama rabi. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023, tamfol ya zama rufin ɗakin ɗimbin 'yan gudun hijira, kuma ga rumfar da za ta tsaya wa habub, guguwar ƙurar Khartum, igiya ta fi, domin an ƙera maɓalli ne don ya buɗe idan aka ja shi. Ƙurar ma takan shige cikin zoben mazaunin ta ƙage shi, mai raksha ya fizga da ƙarfi, yadin ya yage, ƙarfen na nan lafiya lau. Sai dai labulen gefen raksha ana buɗe shi ana rufewa sau da yawa a wuni, kuma direban da fasinja ke jira ba zai tsaya kwance ƙulli ba.