Iskoki biyu da suka tara jama'a a Kilomita Biyar

Kai mai kiwo, kai bafatake, in ka shiga kasuwar Kilomita Biyar a Bangi ka ji Hausa da Fulatanci da Larabcin Cadi na tashi, ka sani iska na da hannu a wannan taro.

Iskoki biyu ke rabon shekararmu. Ɗaya busasshiya ce, daga Sahara take tasowa da ƙura, ita ce ta hunturu. Ɗayar daga Tekun Atlantika take, ɗauke da damshi. Idan rana ta gasa ƙasa a bazara, iskar da ke kanta sai ta yi zafi, ta yi sama, ta teku ta kwararo ta cike gurbin. Damshin nan in ya hau sama ya huce, shi ke zama hadari. Mahaɗar iskokin kan hau arewa ta kuma gangaro kudu kowace shekara. Shi ya sa Bangi ke shan ruwa wata takwas ko fiye, Maradi kuwa wata huɗu ma da ƙyar.

To, akwai shekarun da iskar teku ta yi rauni. A 1913 zuwa 1914 aka yi yunwar Kakalaba a ƙasar Hausa. Aka sake fari a 1973, dabbobi suka yi ta faɗuwa. Na 1984 ya zo daidai da rufe iyakokin Najeriya, shi ne mutanen Nijar ke kira El-Buhari: ga fari, ga hanyar hatsi a toshe. Tafkin Cadi, da ya kai murabba'in kilomita kusan 25,000 a 1963, ya janye ya bar kwale-kwale a kan busasshiyar ƙasa.

Fulani Mbororo sun fara shigowa ƙasar nan ta Kamaru tun wajen 1920. Farin ya ƙaro wasu daga Cadi da Sudan, dillalai da mahauta suka biyo sawun shanu har Bangi. Garken ya yawaita, burtali ya yi kaɗan, rigima da manoma ta ƙaru.

Saboda haka, ɗan'uwa, ruwan farko kada ya ruɗe ka. Sai iskar kudu ta zauna kwana da kwanaki damina ke kafuwa. Kafin ka kora garke arewa ko ka ɗaure kaya, saurari hasashen yanayi a rediyo, ka kuma tambayi waɗanda suka fito can ko ciyawa ta tsiro.