Minti takwas da suka rushe da'ira

Kusan shekara dubu biyu malaman falaki, tun daga na Girka har na Bagadaza da Dimashƙa da Turai, sun yi ittifaƙi cewa duk abin da ke tafiya a sama da'ira yake bi, domin a ganinsu ita ce siffar da ba ta da naƙasu, kuma ko Copernicus, wanda a littafinsa na 1543 ya ɗauke ƙasa daga tsakiya ya sa rana, bai taɓa wannan aƙida ba. Idan lissafi ya saɓa wa abin da ido ya gani, sai a ɗora ƙaramar da'ira a kan babba har a daidaita su.

Wanda ya toshe wannan mafita shi ne Tycho Brahe, wani ɗan sarauta na Denmak, wanda Sarki Frederick na biyu ya ba shi tsibirin Hven a 1576, inda ya shekara ashirin yana auna matsayin taurari da manyan kayan awo, tun kafin a ƙirƙiro madubin hangen nesa. Masana kan kasa kewayen sama digiri 360, kowane digiri kuma minti 60, to kuskuren awon Tycho da wuya ya wuce minti biyu, alhali magabata sukan yi haƙuri da minti goma. Da ya rasu a Prague a 1601, littattafan awonsa suka koma hannun mataimakinsa, Johannes Kepler, Bajamushe mai raunin gani da ƙarfin lissafi.

Kepler ya duƙufa kan tafiyar Mirrihi, tauraron da ya fi ba malamai wahala, ya maimaita lissafi wajen sau saba'in har ya samu da'irar da ta dace da yawancin awon, sai dai da ya gwada ta da wasu wurare na hanyar tauraron, ya tarar da giɓin minti takwas, wato kimanin rubu'in faɗin wata a daren sha huɗu. Malamin da ya rayu ƙarni ɗaya kafinsa da ya ɗora laifin a kan ido ko kayan awo, kuma babu mai zarginsa. Kepler kuwa ya san irin taka-tsantsan ɗin Tycho, saboda haka ya yarda cewa awon ne ke da gaskiya, ya watsar da aikin shekaru ya koma farko, kuma wannan hukunci, na bari awo ya kayar da ra'ayin da ake ƙauna, ya fi sakamakon da ya biyo baya muhimmanci ga tarihin kimiyya. A littafinsa Astronomia Nova na 1609 ya nuna cewa Mirrihi yana bin miƙaƙƙiyar da'ira ne, irin wadda ake samu idan aka kafa turaku biyu, aka zagaye su da sakakkiyar igiya, aka ja ta da tsinke ana zane a ƙasa, rana tana mazaunin turke ɗaya, tauraron kuma yana ƙara sauri idan ya kusance ta.

Ba nan take aka karɓi zancen ba, don Galileo kansa har ya mutu bai saki da'ira ba. Hujjar da ta fi shawo kan masana ta zo ne daga jadawalin da Kepler ya buga a 1627, wanda da shi ya yi hasashen cewa tauraron Mekuri zai gitta ta gaban rana ranar 7 ga Nuwamba, 1631. Kepler ya rasu shekara guda kafin lokacin, amma wani masani mai suna Pierre Gassendi ya jira a Faris, ya haska hoton rana a kan takarda cikin ɗaki mai duhu, ya ga ɗigon baƙi a ranar da aka ambata, ƙanƙane ƙwarai har da farko ya zaci tabon rana ne, sai da saurin tafiyarsa ya tabbatar masa cewa Mekuri ne.