Lambun Gida a Zango: Aikin da Kowane Lokaci Yake Nema

Lambun gida a zango ba gona ba ce. Yawanci ɗan fili ne a bayan ɗaki ko gindin katanga, wani lokaci ma buhunan shinkafa ne da tsofaffin bokitai da aka cika da ƙasa aka jera a tsakar gida. Duk da haka, idan an kula da shi yana ɗauke wa uwargida sayen ayoyo, alayyafo, rama da kuɓewa na watanni. Dattawanmu da suka ga zamanin Acheampong suna tuna shirin Operation Feed Yourself na 1972, lokacin da bayan gidaje da filayen makarantu suka koma wurin shuka. Tsadar cefane ta yau ta sake tura mutane da yawa ga wannan aiki, sai dai da yawansu suna shuka ba a kan lokaci ba, iri ya lalace, su ce ƙasar ce ba ta da kyau.

Lissafin lokaci

Kakanninmu sun zo daga arewa da lissafin bazara, damina, kaka da hunturu. Wannan lissafi yana aiki a Tamale, Wa da Bolga, inda ruwa ke sauka sau ɗaya a shekara, daga wajen Mayu zuwa Oktoba. A Kumasi da Akara abin ba haka yake ba. A nan damina biyu muke da ita: babba daga ƙarshen Maris ko Afrilu zuwa tsakiyar Yuli, sai ruwa ya tsagaita a Agusta, sannan ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Ko a tsakanin biranen biyu akwai bambanci. Kumasi tana samun ruwa kusan milimita 1,400 a shekara, Akara kuwa wajen 800 kawai, kuma ƙaramar daminarta ba abin dogaro ba ce. Mai lambu a Nima ko Ashaiman ba zai kwaikwayi ɗan'uwansa na Aboabo ido rufe ba.

Haka kuma kada a ɗaure shuka da watannin Musulunci, a ce "bara da azumi muka shuka". Watanninmu suna ja baya da kwana 11 ko kusa da haka kowace shekara, ruwan sama kuwa ba ya bin su.

Kafin ruwa ya sauka

Fabrairu da Maris lokacin shiri ne, kuma a nan ake cin riba ko asara. Aikin farko taki ne. Kashin kaji, na awaki da na ragunan layya duk suna da kyau, amma ba a zuba su ɗanye a gindin shuka, musamman na kaji, don yana ƙone saiwa. A tara shi a rami ko a lungu tare da busasshen ganye, ɓawon doya da na ayaba da ɗan toka, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa duk mako biyu. Bayan wata biyu zai yi baƙi, warin ya tafi, ya yi laushi a hannu. To, a lokacin ne ya zama taki. Leda, batir da fasassun kwalabe ba su da wuri a cikinsa.

Sai gyaran wuri. A kaftu ƙasa da fartanya, a ɗaga kunya ta yi tudu kamar taƙi ɗaya, domin ruwan Yuni ba ya wasa. Masu shuka a buhu ko bokiti su huda gindinsa, su sa tsakuwa kaɗan a ƙasa, su haɗa ƙasa kashi biyu da taki kashi ɗaya. Shinge ma yanzu ake gyara shi. Akuya ɗaya ta isa ta gama da aikin wata biyu kafin a idar da sallar la'asar, kuma mun sha ganin maƙwabta sun daina gaisawa a kan haka.

Barkono da yalo ba a watsa su kai tsaye. A rene su a ɗan akwati a inuwa, a dasa bayan mako biyar zuwa shida, da yamma, a ba su ruwa nan take.

Babbar damina

Kada ruwan farko ya rudi kowa. Sau da yawa yakan zo da ƙarfi a Maris sannan ya ɗauke na mako biyu, tsiro ya ƙone. A jira ruwa na biyu ko na uku, har ƙasa ta jiƙa zurfin yatsa da rabi.

Kuɓewa tana son a jiƙa irinta cikin ruwa ya kwana, a sa ƙwaya biyu ko uku a rami, tsakanin rami da rami kamar kamu ɗaya. In sun tsiro a bar mai ƙarfi ɗaya ko biyu. Cikin wata biyu za ta fara 'ya'ya, kuma daga nan sai a riƙa tsinka duk bayan kwana biyu ko uku; in aka bari ta ƙosa a jiki, uwar takan rage haihuwa. Irin ayoyo, wanda a arewa ake kira lalo, yana da taurin ɓawo, shi ya sa wasu ke cewa sun shuka bai fito ba. A ƙulle shi a tsumma, a tsoma a ruwan zafi na 'yan daƙiƙu, a shanya ya sha iska sannan a watsa. Alayyafo shi ne mafi saurin biya: irin ƙanana ne ƙwarai, a gauraya da yashi kafin a watsa, cikin mako uku zuwa huɗu an fara shiga miya da shi. Maimakon a watsa duka rana ɗaya, a raba shi kashi uku, tsakaninsu mako biyu biyu, don kada ganye ya yi yawa yau gobe a rasa.

Daga nan aikin kullum ne: cire ciyawa tun tana ƙarama, da duba bayan ganye da sassafe. Tsutsa da katantanwa a tsince su da hannu. Ga ƙananan ƙwarin da ke manne wa ganye suna nannaɗe shi, a daka ganyen darbejiya ko 'ya'yanta, a jiƙa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma. Wanda ya sa masara ya riƙa leƙa tsakiyar ganyenta saboda tsutsar nan da ta shigo ƙasar wajen 2016. Maganin feshi na kanti kuwa, ba mu ga amfaninsa a ganyen da za a tsinka jibi a ba yara ba. In ya zama dole, a nemi malamin gona, a bi kwanakin jira da ke rubuce a jikin kwalbar.

Akwai aikin da ya fi shuka nauyi a wannan lokaci. Duk bokiti, taya ko gwangwanin da ya tara ruwa, cikin mako ɗaya zuwa kwana goma zai fitar da sauro. A kife su, a rufe durom ɗin tara ruwa. Ciyawar da aka cire kuma ramin taki za ta, ba kwata ba. Mutanen Akara ba su manta da ambaliyar 3 ga Yuni, 2015 ba.

Agusta da ƙaramar damina

Tsagaitawar Agusta ba hutu ba ce. A tuge tsofaffin shuke-shuke, a ƙara taki, a canza wuri: inda kuɓewa ta tashi a sa wake ko ganye, inda barkono ya tashi kada a maye shi da tumatir ko yalo, don dangi ɗaya ne kuma cutarsu ɗaya. Yanzu ne ake renon tumatir, a dasa bayan mako uku zuwa huɗu. Ya fi jin daɗin wannan lokaci a kan ruwan Yuni mai ruɓar da ganye. A kafa masa sanda, a zuba ruwa a gindi ba a kan ganye ba.

'Yan'uwanmu na arewa a wannan watan suna tsakiyar daminarsu ne. Nasu aikin buɗe wa ruwa hanya da tsinkar rama da yakuwa.

Hunturu

Daga Disamba zuwa Fabrairu iska ta bushe, ƙura ta sauka, ruwa ya zama kuɗi. Gara a rage lambun zuwa abin da za a iya shayarwa, safe da yamma, a lulluɓe gindin shuka da busasshiyar ciyawa ko ganye don danshi ya daɗe. Ruwan alwala da na wanke shinkafa suna da amfani in an tara su a bokiti. Ruwan kwata kuwa a nisance shi, balle ga latas da duk abin da ake ci ɗanye.

Wannan busasshiyar iska ita ce ta fi dacewa da shanya. A yanka kuɓewa a shanya a kan tabarma ko faranti a sama, ba a ƙasa ba. Barkono ma haka. Zogale a sare kansa daidai ƙirji domin ya yi rassa, a dasa sandunan da aka sare a jikin shinge. Iri kuma a ɗauke shi daga shukar da ta fi lafiya, ba ragowar da aka rasa yadda za a yi da ita ba. A bar kuɓewa ta bushe a jikinta har ta fara tsagewa, a ɓare, a zuba a kwalba mai murfi da ɗan toka, a rubuta suna da wata a jiki. Irin kanti da aka rubuta F1 a takardarsa ba a ajiye 'ya'yansa, domin ba za su fito kamar uwarsu ba. Wannan sai dai a sake saye a Maris.