Ɗigon rigakafin gudawa da tsohuwar tambayar ciwon suga

A watan Agustan 2014 gwamnatin Nijar ta sanya ɗigon rigakafin ƙwayar rota cikin jerin rigakafin jarirai. Gudawa ake son tsayarwa. Babu wanda ke maganar ciwon suga, alhali likitoci sun daɗe suna zargin ƙwayoyin bairos da hannu a nau'in da ke kama yara, wanda garkuwar jiki ke lalata sashen da ke yin insulin.

Tun 1899 wani likita a Amurka, Harris, ya rubuta labarin mutumin da suga ta kama bayan hangum. A 1969 Gamble da Taylor a Ingila suka ga alamun ƙwayar koksaki B4 a jinin sababbin masu cutar, sannan a 1979 Yoon da abokan aikinsa suka ciro ita wannan ƙwayar daga jikin yaro ɗan shekara 10 da suga ta kashe. Koksaki kuwa 'yar uwar ƙwayar shan inna ce. Hujja mafi ƙarfi ta fito daga rubela, domin wasu daga cikin jariran da suka kamu tun suna ciki kan yi suga daga baya, kuma rigakafin 1969 ya toshe wannan ƙofa a ƙasashen da suka rungume shi.

Batun rota bai kai nan ba. A 2019 masu bincike a Ostireliya da Amurka sun ga suga ta ragu a yaran da aka ɗiga wa, amma a Finlan ba a ga haka ba. Gwajin da cibiyar bincike ta Epicentre ta yi a Madarumfa, jihar Maraɗi, kan ɗigon da ke jure zafi, wanda aka buga a 2017, gudawa kawai ya auna.

Sai maganin kashe ƙwayoyin dangin koksaki. A Oslo da Kopenhagen an ba yara 96 sababbin kamu ko dai pleconaril da ribavirin ko maganin wofi na wata 6, kuma sakamakon 2023 ya nuna waɗanda suka sha na gaske sun fi riƙe insulin ɗin jikinsu bayan shekara. Abin ƙarfafa gwiwa ne, sai dai yaran sun yi kaɗan a gina hukunci a kansu. Allurar koksaki, wadda Heikki Hyöty na jami'ar Tampere ya daɗe yana nema, ta wuce gwajin farko a kan manya, ba a kai ga tabbatar da ko tana hana suga ba.