Istiƙra'i da muƙamuƙin kada

Wanda ya karanta Sullam na Shehu Ahdari a zaure ya gamu da kalmar istiƙra'i, wato a bibiyi abubuwa ɗaya bayan ɗaya, sannan a yanke wa jinsinsu hukunci gaba ɗaya. Malaman lugga da dama sun danganta ta da matafiyin da ke bin garuruwa, ya fita wannan ya shiga wancan. Tushensu ɗaya ke nan da alƙarya da muka aro. Masu fassarar Bagadaza suka ɗora ta a kan wannan hanya ta kafa hujja da suka taras a littattafan Aristotal.

Masana mantiƙi sun kasa shi gida biyu. Cikakke shi ne a ƙirga komai ba a bar ko ɗaya ba, kuma yana ba da yaƙini. Tauyayye shi ne a ga wasu a hukunta saura, iyakarsa rinjayen zato. Abin damuwar shi ne kusan duk sanin da muke rayuwa da shi, na likita ne ko na manomi, tauyayyen ne. Shaɗibi na Andalus, wanda ya rasu a 1388, ya yi ƙoƙarin ɗaga darajarsa: a cikin Muwafaƙat ya nuna cewa hukunce-hukunce masu tarin yawa, in suka haɗu a kan manufa ɗaya, suna kai mutum ga tabbaci game da manufofin shari'a.

Sai dai misalin da ya fi ɗaukar hankalina na Ibn Sina ne, wanda ya rasu a 1037. Mutum zai duba ɗan Adam da dabbobi da tsuntsaye, ya yanke cewa kowane mai rai muƙamuƙinsa na ƙasa yake motsawa in yana tauna, sai kada ya rushe masa hukuncin, domin wai shi na sama yake motsawa. Littattafan mantiƙi suka yi ta gadon wannan misali ƙarni bayan ƙarni.

To, ashe kadan ma ba a dube shi da kyau ba. Maganar ta faro tun daga Hirodotas da Aristotal. Muƙamuƙin kada na sama manne yake da ƙoƙon kansa, na ƙasan ne ke da gaɓa kamar na sauran dabbobi. Idan yana kwance a bakin ruwa, haɓarsa na jingine da ƙasa, sai ya ɗaga kan gaba ɗaya don ya buɗe baki, mai hange daga nesa kuwa ya ɗauka muƙamuƙin sama ne ya motsa.